Baffa da Motar da Ke Ƙin Tashi a Ƙofar Inna

Daga Allah muke, kuma gare shi Baffa ya koma ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe a ƙofar gidansa da ke unguwar Zango a Damagaram. Bai yi jinya ba. Maƙwabcinsa mai shago ya ce ya ga ya jingina kai da bango, ya zaci gyangyaɗi ne, sai da aka kira azahar bai motsa ba sannan aka gane. Baffan maigidana ne, ƙanen mahaifinsa, amma tun da na shigo danginsu ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baffa, kuma a nan ma haka zan kira shi.

Kwana uku na yi a zaman makoki, ni kuwa mai kasa kunne ce, ba na musu. Duk wanda ya shigo sai ya ce mutumin kirki ne, amma na lura ana ɗan jan numfashi kafin a faɗa. Wani tsohon direba da ya yi shekaru yana kai masa mota garaji ya tsaya a bakin zaure yana ba maza labari, muna ji daga ciki. Ya ce in ka gaya wa Baffa ka zuba ruwa a radiyato, sai ya amsa maka da to, sannan ya buɗe ya tsoma yatsa a gabanka. Limamin unguwa ya ce a duk masallacin Baffa kaɗai ke duba agogo in ladan ya kira salla, kuma sau biyu ya taɓa kama shi da yin gaggawa. Wata maƙwabciya ta ce in ta aika masa da tuwo, sai godiya ta dawo mata tare da tambayar yaushe aka yi miyar. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka bi ta da istigfari. Can sai wata daga cikin dangi, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta sunkuyo ta raɗa mini cewa Allah dai ya yafe masa, amma mutumin nan ya mutu bai yarda da kowa ba.

Raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Baffa bai yarda da mai sayar da esans, wato fetur, a kwalba ba, sai ya ɗiga man a tafin hannu, ya shinshina, ya jira ya ga ko zai bushe bai bar maiƙo ba. Bai yarda da labarin rediyo ba sai ya ji shi a tasha biyu. Ni ma bai yarda da ni ba. Ranar da aka kai ni gaishe shi ina amarya, aka ce masa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya tambaye ni bakwai sau takwas. Na ce hamsin da shida. Ya ce to, Madam, ya zuwa yanzu dai gaskiya suka faɗa. Daga ranar Madam ya riƙa kirana har ya bar duniya. Amma in aka bar shi da wannan shaida kaɗai an zalunce shi, kuma na fi kowa sanin haka, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Sai na fara da mota. Surukina, yayan Baffa, ya rasu kafin aurena, ya bar gona a ƙasar Zermu da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Maigidana ma'aikaci ne, sai ranar Lahadi yake samun zuwa gona, kuma nakan bi shi saboda ƙauyenmu yana ƙasar Gaffati, a kan hanya. Can Inna take, mahaifiyata, ita kaɗai a sashenta tun rasuwar babana. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai na rayu. Wanda ya san mutanenmu ya san yadda uwa ke yi da 'yar fari. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni a gaban mutane, in na zo ba ta cewa ta yi kewata, in zan tafi ba ta cewa in ƙara zama.

Da safe motar tana tashi da taɓawa ɗaya. Mu wuni a gona, bayan azahar a loda buhuna, mu kamo hanyar rairayi, inji na nishi har ƙofar Inna. Maigidana sai ya durƙusa a zaure ya gaishe ta kansa a ƙasa, ba ya shiga ciki, ba ya shan ko ruwa, don suruki ba ya ci a gaban surukarsa. Ni kuma in shiga, in gaishe ta, in ajiye abin da na kawo, in fito da sauri saboda na bar mutum a tsugune. Mu shiga mota, ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa, mota ta ce ba ta san zancen ba. Tura ba ta yiwuwa cikin wannan rairayi. Sai ya buɗe kapo, murfin inji, ya tsaya yana kallon inji, yana taɓa wayoyin da shi ma bai san aikinsu ba. Ni kuwa in koma ciki, Inna ta dama mini fura, ta ɗumama tuwo, in ci, in ɗan miƙe ƙafa. Bayan awa guda ko fiye ya sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba.

Karo na farko da na biyu dariya muka yi. A karo na biyar ba wanda ya yi dariya. Maigidana ya kai ta wurin wani bakanike a gari, ya sauya mata buji, wato fulogi. Ta sake ƙi, ya sauya batir. Ta sake, ya sauya bobin, abin nan da ke ba buji wuta. Kowane karo sai bakaniken ya tayar da ita sau goma a gabansa cikin garaji, ya ce ai ga ta nan lafiya lau. A gari ba ta taɓa ƙi ba, a gona ba ta taɓa ƙi ba, sai a ƙofar Inna kaɗai.

Hajiya, uwar maigidana, a gida ɗaya muke da ita a unguwar Birni. Asalinsu Barebari ne, sana'arta haɗa turaren wuta, kuma mace ce mai kaifin kai, ban taɓa raina mata wayo ba. Ita ma ta yi tambayoyinta, sai dai duk tambayar da ta yi ta riga ta san inda take son ta kai ta. Ta ce motar mijinta shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ta ce me ya sa sai a ƙofa ɗaya. Abin da ya fi tsaya mata a rai, wanda ni ma na kasa ba ta amsarsa, shi ne ba a sakin motar sai na ci abincin gidan. Ta daina sa daddawa da kukar da Inna ke aiko mata, wata rana na tarar da su a kwandon shara an rufe da toka. Ta sa aka kawo rubutu aka yayyafa wa tayoyi, aka rataya laya a madubi. Lahadi ta zo, mota ta sake ƙi, Hajiya ta ce wannan ya nuna aikin ba ƙarami ba ne.

Lokacin ina da cikin wata bakwai, cikin fari, kuma kowa ya san haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego. Hajiya ba ta faɗa mini da bakinta ba, ta bakin ɗanta ta aiko. Ta ce ba za a haifi jikanta a gidan da aka binne abu a ƙofa ba, in kuma na nace sai na tafi, to in tafi da kayana gaba ɗaya. Maigidana ya isar da saƙon yana kallon bango. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, amma na ga ya fara duban hannuna in na miƙa masa ruwa. Wato ko in bar uwata da sunan mai asiri in zauna a ɗakina, ko in tafi wurinta aurena ya mutu.

Akwai abin da nake jin kunyar rubutawa, amma in na ɓoye shi ban yi wa Baffa adalci ba. Ni ma na zargi Inna. Na tuna ta taɓa zuwa wurin malami lokacin da zan yi jarrabawa, na ce a raina wadda ta je sau ɗaya ai ta san hanya. Wata Lahadi mota ta ƙi tashi, na tsaya a bakin zaure ina share rairayi da ƙafa, ina neman inda ƙasa ta yi sabon tono. Inna ta fito da ƙwarya a hannu ta same ni a haka, ta tambaya ko ɗan kunne ne ya faɗi. Na ce e. Ta ajiye ƙwaryar ta durƙusa tana taya ni nema.

Mai karatu zai ce ga bakanike a cikin dangi, wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin mota, me ya hana a kai masa tun farko. Faɗa ne ya hana. Ranar da yayansa ya rasu, tun ba a ɗauki gawa ba, Baffa ya ce a kawo masa takardar likita da kwalayen magani, ya shiga tambayar ƙarfe nawa aka ba shi na safe, wa ya ba shi, da ruwa ko da koko. Shi a ganinsa yana son ya san abin da ya kashe ɗan'uwansa ne. Hajiya kuwa ta ji an ce ita ta kashe mijinta, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma da haka zan ji. Ta ce muddin tana raye hannunsa ba zai sake taɓa motar nan ba. Shekara uku ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar salla, ita ma a tsaitsaye.

Da na ga ba ni da mafita, wata Laraba na tashi daga lakwal na wuce Zango ban gaya wa kowa ba. Na same shi a kan kujerar nan ta ƙarfe. Kafin ya amsa gaisuwata sai da ya leƙa bayana ya ga ko wani na tsaye yana jirana. Ya tambaya wa ya aiko ni, na ce ba kowa. Ya ce za mu gani.

Na kwashe labari na gaya masa, shi kuma ya yi mini tambaya irin ta jandarma. In an murɗa makulli inji na juyawa da ƙarfi ne ko yana ja da ƙyar? Na ce da ƙarfi. Ya ce to batir ba shi da laifi, an cire mai lafiya an jefar. Ya tambaya da kaya muke dawowa ko wayam, na ce da buhuna. Ya tambaya ina ake tsayar da ita, na ce jikin katanga, hancinta na duban bango. A gona awa nawa take yi a tsaye? Wuni. A gari ina da ina take zuwa? Daga gida zuwa wurin aiki, tafiyar da ba ta kai ta yi zafi ba. Ya murza gemu, sannan ya ɗago.

"A gidan uwarki minti nawa kuke yi kafin ya murɗa makulli?"

Na ce ban taɓa dubawa ba.

"Duba yanzu, Madam. Ke ce mai lissafi."

Na haɗa gaisuwar zaure da shigata da fitata, na ce kamar minti goma sha biyar.

"Matar da ta haife ki. Minti goma sha biyar."

Ba tambaya ya yi ba, amma sai hawaye suka zubo mini. Bai rarrashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya bari na gama, ya tambaye ni ko ni ma na yarda da maganar binne abu. Na sunkuyar da kai, ya ce ya ji amsar. Na zaci zai ce mini uwata ba za ta aikata haka ba, abin da na zo nema ke nan. Sai ya ce shi bai san uwata ba, ba zai ba da shaidar wadda bai sani ba. Ya ce yana zarginta, yana zargina, yana zargin Hajiya da bakaniken da motar, duka daidai wa daida, amma za a fara da wanda ake iya buɗe wa ciki a duba.

Ranar Lahadi da sassafe sai ga shi a ƙofar gidanmu, da bidon ruwa, wato jarka, da tsumma a kafaɗa, da agogonsa. Ya yi sallama da Hajiya, ya ce ya ji an yi wa motar yayansa asiri. In gaskiya ne, shi da kansa zai tsaya gaban mai gari ya faɗa, ba zai rufa wa kowa ba, amma ba ya shaida a kan abin da aka ba shi labari, kuma ita ma bai kamata ta yi ba. Ta zo ta gani da idonta. Hajiya na neman mai tsaya mata, ga wanda duk Damagaram aka san ba ya sassauta wa kowa ya kawo kansa, sai ta ɗauko mayafi. Mu uku muka matsu a gaba, shi kuwa da shekarunsa ya hau baya, ya ce daga can ya fi jin inji.

A gona bai taɓa motar ba, ya zauna a inuwa yana kallon masu ɗaure buhu kamar ya san za su rage mudu. Bayan azahar muka kamo hanya. Saura tafiya kaɗan mu kai ƙauyenmu, a wani fili da babu gida babu bishiya, ya buga rufin mota ya ce a tsaya. Ya sa maigidana ya kashe, ya sake tayarwa nan take, ta tashi. Ya ce a kashe kuma, ya ɗaga agogo, muka tsaya cikin rana. Da minti goma sha biyar ya cika ya ce bismilla. Inji ya juya, ya juya, mota ta ƙi.

Hajiya ta ce ai mun riga mun shigo ƙasar su Inna. Baffa ya zagaya gaban mota. Ya buɗe kapo, ya zare waya ɗaya daga kan buji, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce a murɗa. Muka ga wuta shuɗiya na tsalle, ya ce wuta akwai, bobin ma an zalunce shi. Ya cire murfin karburato, inda mai ke haɗuwa da iska, ya kira maigidana ya leƙa, ya ja totur da hannu, ko ɗigon mai bai fito ba. Daga nan ya bi tiyon da ke kawo mai da yatsa, har ya kai inda ya kwanta a jikin ƙarfen da hayaƙi ke fita. Ya ce wani ya taɓa sauya tiyon nan ya sa gajere, don ya huta da lanƙwasa. Ya yi mana bayani a hankali, yana duban Hajiya. In mota na tafiya, iska na shiga, mai na gudu, ba ya samun zama ya yi zafi. In aka kashe ta bayan ta sha rairayi da kaya, zafi sai ya taru a ƙarƙashin kapo, kamar tukunyar da aka sauke a rufe tana ci gaba da dahuwa. Man da ke tsaye cikin tiyo ya tafasa ya zama tururi, famfon mai kuwa ba ya jan tururi. In ka tayar nan take, bai kai ga tafasa ba. In ka yi awa guda, ya huce. Tsakanin nan ne take ƙi. Ya jiƙa tsumma ya naɗe tiyon da famfon, ya riƙa tsiyaya ruwa, bayan ɗan lokaci aka murɗa, ta yi tari sau biyu ta tashi.

Hajiya ta ce tsumma ba shaida ba ne, wa ya san abin da aka tofa a ruwan. Na zaci Baffa zai fusata, sai na ga fuskarsa ta saki, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce wannan ita ce magana mai hankali ta farko da ya ji yau, kuma gaba ita za ta kawo ruwan da hannunta.

A ƙofar Inna ya sa aka tsayar da mota inda aka saba, hanci a bango. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu, ya ce sai bayan awa ɗaya da rabi. Ya yi sallama ya shiga har tsakar gida, dole Hajiya ta bi shi. Inna ta rikice, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta dama fura a sabuwar ƙwarya. Baffa ya ce yau Madam ba za ta ci komai a gidan nan ba, ko ruwa, kuma shi ya hana, a ga laifinsa. Na ga abin ya soki Inna. Shi ya sha ludayi ya fi goma, Hajiya ta riƙe nata har ta ajiye ba ta kai baki ba. Da lokaci ya cika muka fito, cikina ba komai sai ɗan da ke motsi, maigidana ya murɗa makulli, ta tashi da taɓawa ɗaya. Hajiya ta gyara mayafi, ba ta dubi kowa ba.

Bai ƙyale ta a nan ba. Ya sa muka biyo ta tsohuwar hanya mai rairayi har gari, a ƙofar gidanmu a Birni ya ce a manna hancinta da bango a kashe, kada a sauke buhu ko ɗaya. Ya ɗaga agogo. Maƙwabta suka fara leƙowa, don an daɗe ba a ga Baffa a ƙofar nan ba. Minti goma sha biyar, aka murɗa, ta ƙi.

"Hajiya, nan ƙofarki ce," in ji shi. "In tono za a yi, a kawo fartanya mu fara da nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga gida, ta fito da butarta ta alwala cike da ruwan randarta, ta miƙa masa. Ya jiƙa tsumma, ya naɗa, mota ta tashi. Hajiya ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba, ba da ni ba, ba da Inna ba, kuma ban jira ba. Bayan kwana huɗu dai ta tambaye ni, tana duban wani wuri, ko Inna na da sauran daddawar nan.

Washegari Baffa ya zo da tiyo mai tsawo, ya bi da shi nesa da ƙarfen hayaƙi, ya ɗaure. Ya ce wa maigidana yanzu mota ba za ta sake tsare shi a gidan surukarsa ba, saura a ga abin da shi zai yi da kansa. Da cikina ya shiga wata takwas aka kai ni gida, na haifi 'ya mace a ɗakin Inna, ita ta yi mini wanka kwana arba'in. Ranar suna Hajiya ta zo cikin motar nan, ta ci tuwo, har ta ce miyar ta yi gishiri, wanda a wurinta wannan zumunci ne.

Wannan shi ne labarin da dangi suka sani, har akan ba da shi a yi dariya. Saura wanda ba su sani ba. Hajiya ta rasu, Inna ta rasu, yanzu Baffa ya bi su, maigidana ma a nan zai fara jin sa.

Cikin awa ɗaya da rabin nan da muka yi a gidan Inna, an kira la'asar. Hajiya ta zaga bayan ɗaki yin alwala, maigidana na zaure, ni kuma bayana ya gaji na shiga ɗaki na kwanta bayan asabari. Ya rage Baffa da Inna a tsakar gida, sun zaci barci nake. Inna ba yarinya ba ce, ta ga baƙin da ba su taɓa zuwa ba, ta ga furar da aka ƙi sha. Na ji ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, in saboda motar nan kuka zo, ina da magana. Ban binne komai ba, ban je wurin kowa ba, Allah shi ne shaida. Amma duk ranar da na ji tsayuwarta a ƙofa, ina roƙon Allah kada ta tashi da wuri. Ba ni da bakin da zan ce wa yarinyar nan ta zauna. In laifi ne, nawa ne. A bar ta a ɗakinta."

Da wannan magana ta kai kunnen Hajiya, ba tsumma ba, ko injin aka sauke aka baje mata a tabarma ba za ta saurara ba. Ga shi kuma an faɗa wa mutumin da ya yi alkawari da safe cewa ba zai rufa wa kowa ba, mutumin da ba a gaya masa magana ɗaya bai bi ta da tambaya biyar ba. Na jira tambayar farko. Na ji ya ajiye ludayi cikin ƙwarya.

"Baiwar Allah, ni bakanike ne," in ji shi. "Na buɗe, na duba, tiyo ne. Abin da ke tsakaninki da Ubangijinki ba ya cikin abin da aka kawo mini gyara. Kada ki sake faɗa wa kowa, har 'yarki."

Na cusa bakin zane a bakina don kada su ji kukana. Hajiya ta dawo daga alwala, Baffa ya tambaye ta ko ruwan gidan ya ishe ta, ya duba agogo ya ce saura minti arba'in.

Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan wannan rana. Na zauna da shi sau ba adadi, na kai masa 'ya'yana ya yi musu tambayar lissafi, mun yi faɗa mun shirya, ko da wasa bai taɓa nuna mini ya san wani abu ba. Ranar da Inna ta rasu ya zo har ƙauye, ya tsaya a kan kabarinta ya fi kowa daɗewa, da zai tafi ya ce mini in yi haƙuri, mace ce mai gaskiya, shi ya shaida. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani mahaluki ba. Ni kuma har ta koma ga Allah ban samu bakin da zan ce mata na ji ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo maka. Ka yalwata masa kabari, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa uwata.